RANA TA KOWA CE, WUTARTA FA TA WANE NE?

Duk wanda ya saba zagaya ƙananan majami'unmu na karkara ya san wani sabon abu da ya bayyana a bisa rufin gidaje cikin 'yan shekarun nan. A inda dā ba a ganin kome sai jinka da kabewa da barkonon da aka shanya, yanzu akan hango wani baƙin faranti mai walƙiya yana fuskantar sama, waya ta sauko daga jikinsa ta shige ɗaki. Wannan shi ne farantin sola, wanda ke mai da hasken rana wutar lantarki. A wurare ƙalilan kuma, inda tudu yake a sarari, akan ga dogon ƙarfe da fukafukai uku a kansa suna juyawa da iska. Gidan gona, da rugar makiyayi, da gidan katekis can bayan dutse, waɗanda turakun lantarki ba su taɓa kusantarsu ba, yau suna kwana da haske.

Wannan abin godiya ne ga Allah. Sai dai kowace sabuwar baiwa takan zo da tambayarta a goye. Rana dai ta kowa ce, ba wanda ya taɓa biyan kuɗin fitowarta. Faranti kuwa na wanda ya saya ne da guminsa. To, wutar da ta fito daga haɗuwar waɗannan biyu, ta wane ne? Idan gida ɗaya yana haske, gidaje ashirin da ke kewaye da shi suna cikin duhu, akwai wani hakki a wuyan mai hasken, ko kuwa kuɗinsa ne, sai yadda ya ga dama? Wannan ita ce tambayar da muke so mu auna tare, gama ta riga ta shiga tsakanin maƙwabta, har ta fara ɓata zumunci a wasu wurare.

Yadda muka kai ga wannan hali

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972, iyayenmu suka yi ta sauraron ranar da waya za ta iso ƙauye. Da yawansu sun koma ga Ubangiji ba su ga ranar ba. Aka sāke wa hukumar suna a 2005, aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013, duk da haka a 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su haɗe da layin lantarki ba. Mafi yawansu mutanen karkara ne. Su ne suka rayu da aci-balbal da fitilar ƙwai, hayaƙin kananzir yana cin idon yaro mai karatu, gobara kuma tana jiran ranar da fitila za ta kife kusa da zana.

Wanda ya sami hali sai ya sayi ɗan ƙaramin janareta, wanda mutanen birni suka laƙaba wa wani suna na Turancin kasuwa mai ma'anar "na fi maƙwabcina". Sunan kansa wa'azi ne. Mai shi yana shan haske, maƙwabci yana shan ƙara da hayaƙi, sau da yawa kuma mun ji labarin iyalin da suka kwanta da janareta a cikin ɗaki, gari ya waye babu mai numfashi. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ciyar da wannan inji ya gagari talaka.

A nan ne rana ta shigo. Tun 1954 masana a Amurka suka ƙera farantin farko mai amfani, amma tsadarsa ta sa ya daɗe yana hannun gwamnatoci da attajirai. Wani masani haifaffen Tasawa a Jamhuriyar Nijar, Abdu Mumuni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci cibiyar binciken ƙarfin rana ta ƙasarsa daga 1969, yana nuna cewa arzikin ƙasashenmu yana bisa kanmu. Ya rasu a 1991, kafin abin ya yi araha. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, har manomi da ya sayar da buhunan masara ko bijimi guda zai iya ɗora ɗaya a rufinsa. Zafin ranar da muke kuka da shi a watan Afrilu ya zama dukiya.

Abin da ke faruwa da tsakar rana

Ba daidai ba ne a yanke hukunci a kan abin da ba a san yadda yake aiki ba, saboda haka bari mu duba kayan. Guda huɗu ne. Akwai farantin, wanda a ƙasarmu akan karkata shi kaɗan ya fuskanci kudu, yana iya kai shekara 25 yana aiki in an kula da shi. Akwai batir, wanda shi ne rumbun da ake tara wuta domin dare. Akwai ɗan akwatin da ke tsakaninsu, mai tsare batir kada caji ya yi masa yawa. Akwai kuma inbata, ga wanda yake so ya kunna kayan da aka yi domin wutar gari.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. A ce magidanci ya sayi farantai biyu, kowanne mai wat 200. A arewacin ƙasar nan, ranar da gari ya yi garau tana ba da abin da ya kai awa 5 na cikakken haske. Idan aka cire abin da zafi da ƙura da waya ke ci, farantan za su ba shi wajen wat-awa 1,500 a yini, watau awon wat ɗaya na tsawon awa ɗaya sau 1,500. Da dare yana kunna ƙwai biyar masu wat 5 na awa biyar, da fanka ɗaya, da rediyo ko ƙaramin talabijin, ya yi cajin wayoyin gidansa. Duka ba su wuce wat-awa 600 ba, a ce 750 in an haɗa da abin da batir ke zubarwa. Rabin abin da rana ta ba shi ke nan. Ina sauran rabin yake tafiya?

Amsar ita ce zuciyar wannan magana. Da zarar batir ya cika, sau da yawa kafin ƙarfe ɗaya ko biyu na rana, ɗan akwatin nan sai ya tsai da caji. Rana tana nan tana dukan farantin har la'asar, amma babu inda za a zuba. Wutar ba ta taruwa domin gobe, ba ta komawa ga wani, tana wucewa kamar ruwan sama da ya sauka a kan fā. Cajin babbar wayar hannu yakan ci wajen wat-awa 15. Ashe abin da gida ɗaya ke bari ya salwanta kowace rana a lokacin rani ya isa ya cika wayoyi hamsin, ko fitilun caji masu yawa, alhali kuwa a bayan katangarsa akwai gwauruwa da ke tura yaro tafiyar awa guda zuwa kasuwa domin ya biya a yi mata caji.

Ɗibar wuta da kala

Kakanninmu ba su san lantarki ba, amma sun san wuta, kuma harshenmu bai raba su da suna ba. Kafin ashana ta yawaita, macen da murhunta ya mutu takan ɗauki tsingaro ta shiga maƙwabta ta ɗebo garwashi. Ba a taɓa jin an sayar da shi ba, ba a kuma tambayar mai ɗiba addininta ko ƙabilarta. Har yau idan baƙo ya ƙi zama mukan ce masa ko ɗibar wuta ya zo yi. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da sananniyar koyarwa da ke lissafa wuta, tare da ruwa da makiyaya, cikin abubuwan da mutane suka yi tarayya a kansu. Mu kuwa kowace shekara, a daren jajiberin Ista, muna tsayawa cikin duhu a kunna kyandir ɗaya, daga gare shi kowa ya kunna nasa ya miƙa wa na kusa, har majami'a ta cika da haske, kyandir na farko kuwa bai ragu da kome ba.

Akwai wata al'ada ta biyu da ta fi dacewa da zancenmu, watau kala. Bayan an cire gyaɗa, mata da yara sukan bi gona suna tsintar abin da ya rage a ƙasa, mai gona kuwa ba ya korarsu, gama ya san in bai bari ba, gara da ɓera ne za su ci. Abin da al'adarmu ta ɗauka kirki ne, Shari'ar Musa ta mai da shi doka. A Littafin Firistoci sura 19, an hana Ba'isra'ile girbe gonarsa har gefe, an hana shi komawa ya tsince abin da ya zube, domin rabon matalauci da baƙo ne. Mu lura, gonar tasa ce, shi ya nome ta, ba a ce ya raba ta ba. Abin da aka ce shi ne, akwai wani yanki na amfaninta wanda tun asali ba nasa ba ne. Ta wannan hanya ce Rut, baƙuwa daga Mowab, ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza, ta kuma shiga jerin kakannin Dawuda da na Ubangijinmu.

Ikilisiya ta ɗauki wannan koyarwa ta tsara ta. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya yarda cewa halal ne mutum ya mallaki abu, ya kuma kawo dalilai: mutum ya fi kula da abin da yake nasa, al'amura sun fi tafiya bisa tsari, husuma kuma ta fi ƙaranci. Amma ya raba mallaka da amfani. Wajen amfani, in ji shi, wajibi ne mai abu ya riƙe shi a shirye domin bukatar wasu, abin da ya yi masa rara kuwa hakkin mabukaci ne bisa ga dokar halitta kanta. Majalisar Batikan ta Biyu ta nanata a 1965 cewa Allah ya nufi duniya da abin da ke cikinta domin dukan mutane. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa ta 1987 a kan zaman jama'a, ya kwatanta dukiyar mutum da abin da ke ɗauke da jingina, jama'a suna bin sa bashi.

Idan haka yake ga hatsi, wanda ana iya ajiye shi a rumbu shekara uku, balle wutar rana da ba ta kwana? Mai arzikin da ke cikin Bisharar Luka sura 12 ya sami damar rushe rumbunansa ya gina manya, duk da haka aka kira shi wawa. Mai faranti ko wannan damar ba shi da ita, sai in zai yi ta sayen batura masu tsada domin ya tara abin da ba ya bukata. Wutar rana ta fi kama da mannar da aka ba Isra'ilawa a jeji, wadda Littafin Fitowa sura 16 ya ba da labarinta: kowace safiya tana sauka, kowa ya ɗebi na yini, wanda ya ɓoye kuwa ya tarar ta yi tsutsa. Amsarmu ga tambayar farko ke nan. Farantin na mai shi ne, batir nasa ne, wutar da iyalinsa ke bukata tasa ce. Rarar tsakar rana kuwa kala ce, rabon maƙwabci ne, kuma wanda ya bar ta ta salwanta alhali ana bukatarta a ƙofar gidansa zai amsa tambaya a kanta.

Uzurin mai faranti

Adalci ne mu saurari mai kayan, gama yana da abin faɗi. Zai ce: "Fada, garwashi ba ya raguwa don an ɗiba, amma batir yana raguwa. Na sayar da sa na saya. Duk wanda na buɗe wa ƙofa yau, gobe zai zo da 'yan'uwansa, in batir ya mutu kuwa ni kaɗai zan biya."

Gaskiya ya faɗa. Batirin darma, wanda shi ne akasarin mutanenmu ke iya saye, ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi. Wanda ake kwashe shi ƙarƙaf kowane dare, ga kuma zafin ƙasarmu, zai iya mutuwa kafin shekara ta zagayo, alhali mai kula zai ci shekaru da nasa. Dutsen guga na lantarki guda ɗaya yana jan wajen wat 1,000, daidai da ƙwai 200 irin waɗanda muka lissafa. A watan Agusta kuma, sa'ad da gajimare ke rufe sama kwana da kwanaki, ko lokacin da hazon hunturu ya yi kauri, rarar takan ragu, wani lokaci ta ɓace ɗungum. Saboda haka ba mu ce mai faranti ya bar 'ya'yansa cikin duhu domin ya faranta wa unguwa rai ba. Ko a misalin 'yan mata goma na Bisharar Matiyu sura 25, masu hikimar nan biyar sun ƙi raba mansu domin ba zai ishi kowa ba. Misalin yana magana ne a kan zama a shirye domin zuwan Ubangiji, amma ya isa ya nuna mana cewa ba kowane hani ne rowa ba. Wutar dare kamar man fitila take, tana da iyaka, kuma iyali ne ke da hakkin farko a kanta.

Wannan uzuri ya kāre batir, amma bai taɓa rarar rana ba ko kaɗan, gama wayar da aka sa a caji da ƙarfe biyu, bayan batir ya cika, daga farantin take sha. Abin da ake bukata tsari ne. A jawo waya ɗaya zuwa zaure, a sa lokaci, a ce daga tsakar rana zuwa la'asar, ranar da gari ya yi haske. Yaran maƙwabta su kawo fitilun caji a cika musu da rana, su tafi da su gida su yi karatu da dare, ta haka hasken gida ɗaya ya kwana a gidaje goma ba a taɓa rumbun mai gida ba. Inda akwai rijiya, ƙaramin famfo zai iya ɗaga ruwa zuwa tanki da wannan rarar, gama ruwa shi ne hanya mafi araha ta ajiye ƙarfin rana.

Mai karɓa ma yana da nasa hakkin da zai sauke. Ya kiyaye lokacin da aka sa, kada ya kawo abin da zai kashe kayan mutane, ya taimaka wajen goge ƙurar da ke rage ƙarfin farantin, ya sa ido a kan ɓarawo, ranar da za a sāke batir kuma ya kawo abin da ya sawwaƙa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba ma ganin laifin saurayin da ya mai da cajin waya sana'a yana karɓar kuɗi daidai wa daida, gama ya zuba jari, yana kuma ci da guminsa. Mai kyauta ma ya kula kada ya karya masa kasuwa, ya fuskantar da alherinsa ga waɗanda ba su da abin biya.

Akwai kuma dare irin wanda yake soke kowane lissafi. Mace tana naƙuda, ungozoma tana riƙe da tocila a baki domin hannuwanta biyu suna aiki. Maciji ya sari yaro, ana neman mai babur, waya kuwa ta mutu. An hango 'yan bindiga suna tahowa, kiran waya ɗaya ne tsakanin ƙauye da halaka, abin da mutanenmu a sassan Kaduna da Katsina da Zamfara da Neja suka sani sarai. Waliyyi Toma ya koyar cewa a cikin matsananciyar bukata, inda rai yake a bakin halaka, kome na kowa ne. A irin wannan dare batir ma ba na mai shi kaɗai ba ne, wanda kuwa ya rufe ƙofa yana lissafin shekarun batirinsa ya auna rai da darma.

Darasi daga injin iska

Iska ba ta da tabbas irin na rana a yawancin ƙasarmu. Ƙarfin da inji ke samu yana bin gudun iska ta wata hanya mai ban mamaki: in gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau takwas, in ya ragu da rabi kuma sai ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa injin da ke aiki sosai a tsaunukan Jos ko a filayen Katsina da Sakkwato zai zama kayan ado kawai a kwarin da itatuwa suka kewaye. Babbar tashar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina, mai injuna 37 da ƙarfin megawat 10, wadda aka faro zancenta tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ta ci shekaru fiye da goma ana aikinta. Wanda zai sayi ƙaramin inji domin gidansa ya fara lura da iskar wurin shekara guda, ya kuma shirya kafa shi sama da dogayen itatuwa. Inda ya dace, yana cike giɓin rana, gama yana iya juyawa da dare da kuma lokacin hadari.

Abin da ya kawo mu ga zancensa shi ne wani hali da yake da shi. Farantin sola, in batir ya cika, ana iya yanke shi ya zauna lafiya. Yawancin ƙananan injunan iska kuwa ba a yi musu haka, domin in aka cire musu kaya suna cikin iska mai ƙarfi, fukafukan sukan yi ta gudu ba linzami har su lalace. Saboda haka maƙeransu sukan haɗa su da wani ƙarfe da ake karkatar da rarar wutar gare shi ta zama zafi, masu dabara kuma su sa ta ɗumama ruwa. Injin da ba shi da inda zai zuba rararsa kansa yake karyawa. Muna ganin haka zuciyar ɗan Adam take. Gidan da ya sami rijiyarsa, da wutarsa, da dogon bangonsa, har ya daina bukatar kowa, yana cikin hatsarin da bai sani ba, gama ranar da gobara ko ɓarayi suka zo, ba farantin ne zai kawo gudunmawa ba. Samun 'yanci daga layin lantarki alheri ne, amma ba a halicce mu domin mu sami 'yanci daga juna ba.

Hakki biyu da ba a gani da ido

Na farko ya shafi batirin da ya mutu. Cikinsa darma ce da ruwa mai ƙuna. A 2010 ƙasar nan ta ga abin da darma ke yi, sa'ad da yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ƙurar duwatsun zinariya masu darma da ake niƙawa a cikin gidaje. Can daga ma'adini ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin batir. Wanda ya fasa tsohon batir a tsakar gida, ko ya tuttular da ruwansa kusa da rijiya, ko ya bar yara suna wasa da shi, ya ɗauki hasken ya bar wa 'ya'yan maƙwabta dafin. A ajiye shi a rufe, a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho, a kuma guji mai araha marar asali da zai mutu cikin wata shida, gama araha ba ta ado. Paparoma Faransis, a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya tsawata wa halin amfani da abu a jefar, ya nuna cewa talaka ne kullum ke kwasar abin da aka jefar.

Na biyu ya shafi bakinmu. Mun ga yadda abin yake tafiya a ƙasar nan: mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, sai ya daina tambayar ruwan famfo, ya kai ɗansa makarantar kuɗi, sai ya manta da ta gwamnati. Idan duk masu murya suka koma sola suka yi shiru, wa zai tambayi hukuma dalilin da ya sa asibitin ƙauye ba shi da firjin ajiye allurar rigakafi? Farantai biyu suna kunna fitila, amma ba za su juya injin niƙa ko na walda ba. Wannan sai ƙauye ya haɗa kai a kan babbar tasha ta gari ɗaya, irin waɗanda Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ke tallafawa, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Wanda ya sami haske a ɗakinsa shi ya fi cancanta ya zauna a ƙarƙashinsa ya rubuta wa kansila da ɗan majalisa takarda a madadin waɗanda ba su samu ba.

Mu fara daga gida

A ƙauyuka da yawa, rufin da ya fi kowanne yawan farantai shi ne na majami'a, ko gidan Fada, ko na Sistoci. Mahukuntan Ikilisiya sun nuna hanya tun 2008, sa'ad da aka shimfiɗa farantai 2,400 a rufin babban zauren taro na Bulus na Shida a Batikan, zamanin Paparoma Benedikt na Sha Shida. Amma mu tuna, farantan majami'a suna aiki kwana bakwai, Misa kuwa a ƙaramar majami'a sau da yawa ta Lahadi ce kawai. Daga Litinin zuwa Asabar, kusan dukan abin da rana ke zubawa a wannan rufi kala ce. Muna roƙon kowace majalisar Ikilisiya, da Zumuntar Mata, da ƙungiyar matasa, su zauna da wanda ya haɗa musu kayan, su tambaye shi nawa ke raguwa, su kuma shirya yadda za a buɗe shi ga gari: benci a inuwa domin caji, aji ɗaya mai haske domin 'yan makaranta da yamma, famfo a bakin hanya.

Kada a tambayi mai zuwa katin baftisma. Ubangijinmu, a Bisharar Matiyu sura 5, da ya so ya nuna mana halin Ubansa, rana ya ɗauka misali, yadda take fitowa a kan kowa ba ta zaɓen na kirki ta bar mugu, ya ce mu yi koyi da wannan in muna so mu zama 'ya'yansa. Ba daidai ba ne mu karɓi abin da aka ba mu ba tare da tambaya ba, sa'an nan mu tsaya a ƙofa muna tantance wanda ya cancanta. Musulmi, da Bamaguje, da makiyayin da ke wucewa, da wanda muka yi shari'ar gona da shi bara, duk rana ɗaya ke bisa kanmu, kuma a ƙasar da zargi ya yi yawa tsakanin maƙwabta, bencin da ake zama a kai ana jiran waya ta cika yana iya gyara abin da taro goma bai gyara ba.

Saboda haka, ya kai mai faranti, gobe in rana ta take tsaka, ka duba ɗan akwatin nan. In ya nuna batir ya cika, ka sani daga wannan sa'a zuwa la'asar gonarka ta shiga lokacin kala, sai ka aika a kira wanda ya fi kusa da kai cikin mabukata. Allah, wanda ya halicci rana da iska ya kuma ba ɗan Adam hikimar cin amfaninsu, ya ba mu zuciyar riƙon amana, ya sa hasken gidajenmu ya zama dalilin salama a garuruwanmu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.